Bulala Tamanin a Kan Taba: Darasi Daga Tarihin Khartum da Umdurman

Duk ranar da muka buɗe layin waya a rediyo ana zancen tsadar rayuwa, ba a rasa mai kira da zai ce talaka shi ya so wa kansa. Ga shi bai ci ya ƙoshi ba, amma karan sigari na maƙale a bakinsa. Wani har lissafi zai yi maka: kara goma a rana, shekara talatin, da an tara da tuni an gina gida. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga wanda ya ƙoshi, domin ta wanke kowa ta bar mai shan da laifinsa.

Ba kare taba zan yi ba, cuta ce, kuma zan zo kan wannan. Abin da nake so mu duba shi ne ko da gaske ita ce ke raba mai arziki da matalauci. An taɓa gwada abin a aikace. Akwai birnin da aka haramta taba a cikinsa har shekara goma sha uku, da bulala a hannun hukuma, kuma birni ne da dubban kakanninmu suka ratsa ta cikinsa a hanyar Makka, wasu ma can suka zauna. Ina nufin Umdurman, da 'yar'uwarta Khartum da ke tsallaken ruwa, a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu.

Labarin ya fara da lofe. A shekarar 1820 Muhammadu Ali Pasha, wanda ke mulkin Masar da sunan Daular Usmaniyya, ya tura runduna kudu ta bi Kogin Nilu. Abu biyu yake nema: bayin da zai mayar sojoji, da zinariya. Ɗansa Isma'il ne ya ja rundunar, kuma zuwa 1821 Daular Funj ta Sinnar ta miƙa wuya. A ƙarshen 1822 Isma'il ya sauka a Shandi, arewa da Khartum, ya kira sarkin Ja'aliyyin, Mak Nimir, ya yanka masa haraji na kuɗi da bayi da dabbobi, ya ce a kawo cikin 'yan kwanaki. Da Mak Nimir ya ce abin ya fi ƙarfin ƙasarsa, sai Isma'il ya zare dogon lofen da yake zuƙa ya make shi a fuska, a gaban jama'arsa. Sarkin ya haɗiye. Da dare aka tara kara da ciyawa kewaye da masaukin baƙon da sunan abincin dabbobinsa, aka cinna wuta. Isma'il da mutanensa suka ƙone ƙurmus. Surukin Muhammadu Ali, wanda ake kira Daftardar, ya zo ɗaukar fansa, ya kashe dubban mutane a garuruwan bakin kogi, har yau mutanen Sudan ba su manta ba.

Wannan lofen shi ne hoton taba a idon mutanen ƙasar na tsawon shekara sittin. Khartum ta girma ta zama hedikwatar mulkin da suke kira Turkiyya tun zamanin gwamna Khurshid Pasha, kuma a fadar gwamna da gidajen manyan ma'aikata da attajirai baƙi, dogon lofe da kofin gahawa su ne alamar isa. Akwai ma bawan da aikinsa kawai cika lofe da kunna shi. Talakan ƙasar kuwa yana da tasa: ganyen taba da aka shanya aka daka aka cuɗa da kanwa, a dunƙula a cusa tsakanin leɓe da dasashi. Su suna ce mata tumbak, kanwar kuma atrun. Duk wanda ya tashi a Katsina ko Maraɗi ya ga tsofaffi da ɗan gwangwanin garin taba a aljihu ya san abin da ake nufi. Wato tun farko taba iri biyu ce, ta mai mulki da ta wanda ake mulka, kuma kowa na shan tasa. Malamai dai tun da ganyen ya shigo ƙasashen Musulmi wajen 1600 suke jayayya a kansa. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawar halatta shi, Sarki Muradu na Huɗu kuwa a Istambul ya hana shi a 1633, har yana kashe masu sha.

To me ya talauta manomin bakin Nilu a wancan zamani? Haraji. An sa haraji a kan saƙiya, wato injin katako da shanu ke juyawa yana ɗebo ruwa daga kogi, an sa a kan kowace bishiyar dabino. Masu karɓa sojojin haya ne da bulalar fatar dorina, kuma kowane mataki daga mai gari zuwa gwamna sai ya ƙara nasa a kai. Mutanen Dongola da na Shandi da yawa suka bar gonakinsu suka nufi kudu fatauci, su ne ake kira jallaba. Wanda ya fi kowa arziki a cikinsu shi ne Zubairu Rahma, da haƙorin giwa da bayi ya tara dukiyarsa, har ya ci Darfur da yaƙi a 1874. Rabeh da muka sani a Dikwa yaronsa ne. Babu wanda ya taɓa cewa Zubairu da tattalin kuɗin taba ya kai inda ya kai.

A cikin wannan hali ne Muhammadu Ahmad, ɗan masassaƙin jirgin ruwa daga yankin Dongola, almajirin ɗarikar Sammaniyya, ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a tsibirin Aba a 1881. Jama'a suka bi shi don addini, suka kuma bi shi don sun gaji. Akwai wata magana da ta yaɗu a lokacin, mai ma'anar gara a binne mutum goma a kabari ɗaya da a biya riyal ɗaya na haraji. Ya ci Al-Ubayyid a farkon 1883, ya hallaka rundunar Hicks Pasha a Shaikan a ƙarshen shekarar, sannan ranar 26 ga Janairu 1885 Khartum ta faɗi aka kashe Janar Gordon, wanda shi kansa an san shi da zuƙar sigari ba ƙaƙƙautawa.

Mahadi ya so ya rushe bambancin mai shi da marar shi, kuma ya yi da gaske. Ya ce kowa ya sa jibba mai faci irin ta masu gudun duniya. Ya rage sadaki, riyal goma ga budurwa, biyar ga bazawara, ya hana almubazzaranci a biki. Ganima ta koma baitulmali. Ya hana giya, ya hana taba ta kowace fuska, ko zuƙa ko cusawa a baki ko shaƙa a hanci. Hukuncin mai sha bulala tamanin, a kuma ƙone abin da aka samu a hannunsa. Mai sayarwa ma yana da nasa rabon bulalar. A wajensa taba ɗabi'ar Turkawa ce, ta waɗanda suka zo da lofe da haraji, don haka barinta tsarki ne kuma tawaye ne. Wannan kira ya kai har ƙasarmu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a daga Adamawa ta hanyar wasiƙa.

Mahadi bai daɗe ba, ya rasu a watan Yuni na 1885, wata biyar bayan nasara. Halifa Abdullahi, mutumin ƙabilar Ta'aisha ta kudancin Darfur, ya gaje shi. Aka kwashe mutanen Khartum, aka yaye ƙofofi da tubalinta aka ƙetara da su Umdurman, wadda ta tashi daga ƙauye ta zama babban birni cikin 'yan shekaru. Ga birni nan ba mashaya, ba mai taba a fili. Idan lissafin mai kiran wayarmu daidai ne, ya kamata a ce a nan talaka ya miƙe.

Abin da ya faru shi ne yunwar 1306 bayan Hijira, wadda ta kama 1888 zuwa 1889 ta zarce, mutanen Sudan suna kiranta Sanat Sitta, wato shekarar shida. Ruwa ya yi ƙaranci, fara ta sauka. Amma fari kaɗai ba ya yin irin wannan ɓarnar. Majiya ƙarfi da ya kamata su kasance a gona suna fagen fama: a Gallabat, inda aka kashe Sarkin Habasha Yohannes a Maris 1889, da hanyar Masar, inda rundunar Abdurrahman Nujumi ta ƙare a Toshki a watan Agusta. A daidai lokacin kuma Halifa ya tilasta wa danginsa Ta'aisha da sauran Baggara su baro yamma su tare a Umdurman don su zama garkuwarsa. Dubban bakuna da ba su noma ba, dole a ciyar da su. Aka shiga Jazira, rumbun ƙasar, ana kwasar dawa ana kai wa baitulmali, ana ba waɗannan baƙi a farashi mai rahusa, manomin da ya noma ta yana kallo. Mutane suka ci fata, suka ci mushe, garuruwa suka zama kufai. Ma'ajin baitulmali, Ibrahim Adlan, wanda ya yi saɓani da Yakubu ɗan'uwan Halifa a kan tafiyar da dukiya da hatsi, an kashe shi a farkon 1890. A wannan yunwa, abin da ya raba wanda ya rayu da wanda ya mutu shi ne kusancinsa da ƙofar rumbu. Duka biyun ba sa shan taba.

Ita kanta jibbar ba ta tsira ba. Rigar da ta fara a matsayin tsumman talaka ta koma ɗinkin gwani, farin yadi mai kyau da faci masu launi an jera su daidai wa daida, sarakunan yaƙi suna da irin tasu da ake gane su da ita. Wanda ya ga waɗanda aka ajiye a gidajen tarihi zai gane cewa ba talaka ya sa su ba. Kasuwar bayi ta ci gaba da ci a Umdurman. Taba kuma ta koma bayan ɗaki. Turawan da aka tsare a birnin, irin su Fada Ohrwalder da Rudolf Slatin, sun ba da labarin yadda ake sayar da ita a ɓoye. Sai dai a riƙa karanta littattafansu da taka-tsantsan, domin Wingate, shugaban leƙen asirin rundunar Masar, shi ya shirya su don ya zuga mutanen Ingila su yarda da yaƙi. Ko ba su faɗa ba, mun san yadda haramtaccen kaya yake: tsada yake yi, mai hali ya saya ya rufe ƙofa, marar gata a kama shi a bakin kasuwa.

Ranar 2 ga Satumba 1898 Kitchener ya zo da jiragen ruwa masu igwa da bindigogi masu aman harsashi. A filin Karari, arewa da Umdurman, Ansaru sama da 10,000 suka kwanta kafin azahar, ɓangaren Kitchener bai rasa mutum 50 ba. Bayan rundunar kuwa ga 'yan kasuwa Girkawa, irin su Angelo Capato, ɗauke da kayan gwangwani da giya da sigari. Lokacin sigarin Masar ne ke tashe a duniya, na kamfanonin Girkawa da Armeniyawa irin su Gianaclis da Matossian. Ga wani abin lura: a 1890 gwamnatin Masar, ƙarƙashin Lord Cromer, ta hana manomanta shuka taba kwata-kwata. Ba don lafiyar kowa ba. So take duk ganyen da za a sha ya shigo ta tashar jirgin ruwa a karɓi kuɗin fito. Mahadi ya hana taba don a tsira a lahira, Cromer ya hana nomanta don baitulmali ya cika, kuma daga ranar gwamnatoci suka gane cewa hayaƙin nan saniyar tatsa ce.

Turawa suka sake gina Khartum, suka raba filayenta daraja-daraja. Daraja ta ɗaya manyan filaye ne kusa da kogi, ginin jan bulo ko dutse, hayar ƙasa ta shekaru masu yawa. Ta biyu ta bi. Ta uku ƙananan filaye ne na ginin laka. Bayan su kuma sai unguwannin da ake kira Diyum a bakin gari, inda 'yantattun bayi da tsofaffin sojoji da leburori suka yi bukkoki ba tare da takardar mallaka ba. Har yau mutumin Khartum yana faɗin darajar unguwarsu da waɗannan lambobi. Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902 ta ɗauki 'ya'yan sanannun gidaje na bakin kogi, ta fitar da akawuna da malamai da alƙalai, su ne afandiyya. Afandi yana sa kwat, yana karanta jaridun Alƙahira, yana zama a Kulob ɗin 'Yan Boko na Umdurman da aka kafa a 1918, sigari a yatsunsa. A wancan zamani idan ka ga mutum da kwalin sigari, ka ga mai albashi. Da za a yi lissafi irin na mai kiran wayarmu a Khartum ta 1930, da sai a ce shan sigari ne ke kawo arziki, tunda masu shan su ne masu gidan bulo.

Haka abin ya kasance a Ingila ma. Sigari ya fara daga manya ya gangaro. Da likitoci Doll da Hill suka nuna alaƙarsa da ciwon dajin huhu a 1950, masu ilimi da hali ne suka fara bari, ya rage a hannun ma'aikatan ƙarfi. Ɗabi'ar ce ke bin aji, ta sauka inda aka bar ta.

Yanzu mu zo kan namu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Bayansu alhazan ƙafa suka yi ta kwarara, Hausawa da Fulani da Barebari, mutanen Sudan suka haɗa su duka suka kira su Fallata ko Takari. Turawa sun yi murna da zuwansu domin suna neman hannu. Suna cikin waɗanda suka yi aikin madatsar ruwa ta Sinnar da aka gama a 1925, suna kuma cikin waɗanda suka tsinci audugar Jazira. A tsarin Jazira, wanda aka ba gona, wato hawasha, yana da kashi 40 cikin ɗari na ribar auduga, gwamnati da kamfanin Turawa su raba sauran. Mai tsinta kuwa ladan yini kawai gare shi, kuma yana kwana a kambo, rugar leburori a gefen magudanar ruwa, ba makaranta ba asibiti. Sannan dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda zuriyarsa ke zaune a ƙasar tun kafin ƙarshen 1897. Da alƙalami ɗaya aka mayar da mafi yawan waɗanda suka zo bayan Burmi baƙi, kuma baƙo ba ya samun hawasha cikin sauƙi, ba ya samun aikin gwamnati. A Khartum ma unguwarsu a wancan lokaci sunanta Ishash Fallata, wato bukkokin Fallata.

Su waye waɗannan mutane? Alhazai ne masu tara kwabo-kwabo don su ƙetara Bahar Maliya. Da yawansu 'yan Tijjaniyya ne, ɗarikar da ta hana mabiyanta taba, wasu kuma Ansaru ne da ke riƙe da hanin Mahadi. Da wuya a sami jama'ar da ta fi su tsantseni da juriyar aiki a ƙasar. Masana irin su Mark Duffield, wanda ya zauna a Mai Wurno ya rubuta littafi a kanta, da Bawa Yamba, wanda ya yi nazarin alhazan da suka maƙale a hanya, sun bayyana rayuwarsu dalla-dalla. Jikokin wasunsu har yau suna kambo.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsibirin Aba. Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi da aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa, ya tashi cikin ƙunci. A 1899 sojoji sun harbe yayyensa biyu a Shukkaba, shi ma ya ji rauni, ya girma a ƙarƙashin sa-ido da ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba. A 1908 aka ƙyale shi ya fara noma a Aba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Turawa suka buƙace shi don ya hana Musulmi goyon bayan Turkiyya, sai ƙofofi suka buɗe. A 1919 ya je Landan ya miƙa wa Sarki George na Biyar takobin mahaifinsa. Ya sami kwangilar kai itace wajen aikin madatsar Sinnar, ya sami rance, ya sami lasisin kafa injinan ban-ruwa a bakin Farin Nilu. Zuwa shekarun 1930 yana noman auduga a dubban kadada, ya zama attajirin da babu kamarsa a cikin 'yan ƙasa. Masu yi masa aikin dubban Ansaru ne daga Darfur da Kordofan da ƙasashenmu, waɗanda suka zo neman albarka, suna aiki a kan abinci da tufafi da ɗan abin da ya samu. Ba zan zalunce shi ba: ya ciyar da su, ya aurar da su, kuma da kuɗin audugar ya ɗauki nauyin jaridu da jam'iyyar Umma da ta yi fafutukar 'yanci. Amma a tsibirin nan babu mai shan taba, daga maigida har lebura. Jikan maigida, Sadiƙul Mahadi, ya yi karatu a Oxford ya zama firaminista sau biyu. Jikan lebura ya gaji fartanya.

Akwai dai waɗanda taba ta canza wa rayuwa ta fuskar arziki, sai dai suna ɗaya gefen kantar ne. Iyalin Haggar, 'yan asalin ƙasar Sham, sun fara kasuwanci a kudancin Sudan tun 1904, suka shiga noman taba da shayi da gahawa a Ikwatoriya, daga baya suka kafa masana'antar sigari, babbar cibiyarta a Khartum Bahri. Sigarinsu da ya fi shahara sunansa Bringi. Kalmar daga Turkanci take, ma'anarta na ɗaya, ragowar harshen su Isma'il Pasha ce da ta maƙale a bakin sojoji. Shi ne sigarin direba da ɗan dako da kurtun soja, ana sayar da shi kara ɗai-ɗai a kan tebur kamar yadda ake yi a tashoshinmu. A watan Yuli na 2011, makonni kaɗan bayan Kudu ta ɓalle ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, kamfanin Japan Tobacco ya sanar da sayen masana'antar Haggar a kan dala miliyan 450. A lokacin tana riƙe da sama da kashi 80 cikin ɗari na kasuwar sigarin Sudan. Kowa na gudun ƙasar da tattalin arzikinta ya kama hanyar rushewa, su kuwa sun san mai sha ba ya bari don farashin burodi ya tashi. Gwamnatin Japan tana cikin manyan masu hannun jari a kamfanin. A 2015 British American Tobacco, wanda muka sani da masana'antarsa ta Zariya, shi ma ya sayi kamfanin sigari na Blue Nile. Gidan da mai kiran wayarmu yake cewa da an gina, an gina shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tumbak ma haka take, a ƙaramin mataki. Ana noma ta a Darfur ta Arewa, a yankunan Tawila da Tabit da Shangil Tobaya, kafin yaƙin 2023 akan tara ta a kasuwar Al-Fashir, manyan motoci su kwaso ta zuwa Umdurman, inda masu shaguna ke cuɗa ta da atrun suna tallata ta da sunan Wad Ammari. Ga manomin can, ita ce amfanin gonar da ke kawo kuɗi a hannu a ƙasar da ruwa bai wadata ba. Ribar kirki tana wajen dillali da mai mota da mai karɓar haraji a kowane shinge. Da yaƙin Darfur ya ɓarke a 2003, Tawila na cikin garuruwan da aka ƙone a farkon 2004, manoman suka koma sansanin gudun hijira.

Na ce zan dawo kan cutar. A 1991 Dakta Ali Muhammad Idris da abokan aikinsa na cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa suka auna tumbak, suka tarar sinadaran da ke haddasa ciwon daji a cikinta sun zarce na duk wata tabar baki da aka auna kafin nan, nesa ba kusa ba. Daidai inda mutum ke ajiye ɗan dunƙulen, nan gyambon yake fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan bakwai a shekara, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na masu amfani da ita suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Kuɗin kara biyar a aljihun lebura kuɗin koko da ƙosan yara ne, wannan ba a musu. Amma ko a nan dubi yadda aji ke aiki. Shekaru da dama Sudan duka tana da wuraren gashin ciwon daji biyu ne kacal, na Khartum da aka buɗe a 1967, sai na Wad Madani da ya zo daga baya. Afandi da ya kamu zai hau jirgi zuwa Alƙahira ko Amman. Manomi daga Darfur sai ya sayar da akuya da jaki, ya yi kwanaki a bayan babbar mota, ya iso ciwon ya riga ya ci muƙamuƙi. Taba tana tura wanda ke bakin rami, amma ba ita ta kai shi bakin ramin ba.

Abin da na lura da shi a tarihin biranen nan shi ne, duk lokacin da masu mulki suka tashi gyaran tarbiyya, a jikin talaka suke gwadawa. A Satumba 1983 Shugaba Numairi ya tuttular da giya a Kogin Nilu a gaban kyamara, kotunan gaggawa suka shiga yanke hannu, kuma mafi yawan waɗanda aka yanke matalauta ne 'yan kudu da 'yan yamma. Shekara guda bayan haka yunwa ta koro mutanen Kordofan da Darfur zuwa Muwailih a bayan Umdurman, gwamnati tana musun akwai yunwa. A zamanin Al-Bashir 'yan sandan kula da ɗa'a suka addabi mata masu sayar da shayi a bakin titi, suna kwashe musu kujeru da butoci, har Awadiya Mahmud Koko ta haɗa su ƙungiya don su kare kansu. Ba a soke wannan doka ba sai a Nuwamba 2019. An bar jaki ana dukan taiki. A shekarar 2000 wani littafi da aka raba a ɓoye a ƙofar masallatan Khartum, wanda aka sani da Baƙin Littafi, ya jera sunayen ministoci tun daga 'yancin kai a 1956, ya nuna yankin arewa mai kusan kashi biyar cikin ɗari na jama'a shi ya kwashe mafi yawan kujerun. A 2020 Firaminista Abdallah Hamdok ya faɗa da bakinsa cewa kashi 18 cikin ɗari kawai na dukiyar gwamnati ke hannun ma'aikatar kuɗi. A lokacin mafi yawan saura yana kamfanonin sojoji da jami'an tsaro, zinariyar Jabal Amir kuma a 2017 ta faɗa hannun Hamidati da danginsa.

Waɗannan ɓangarori biyu, sojoji da dakarun Hamidati, su ne suka juya wa juna bindiga ranar 15 ga Afrilu 2023. An wawashe unguwar masana'antu ta Bahri, tsohuwar kasuwar Umdurman ta sha wuta. Masu fasfo da dala suka kama hanyar Masar da Bur Sudan tun makonnin farko. Waɗanda ba su da kuɗin mota suka zauna, suna bin layi da kwano a takaya, wato dafa-dukan unguwa da matasa 'yan sa-kai ke girkawa da gudummawar 'yan'uwa na ƙasashen waje, wake ko adas sau ɗaya a yini.